Yadda ƙwayar halitta ke kwafin DNA ba tare da maimaici ba

Ka taɓa tura fim ta Xender ya tsaya a rabi, ko ya shigo sau biyu? Wannan matsalar ce ƙwayar halitta ke gudu duk lokacin da za ta kwafi DNA ɗinta kafin ta rabu biyu.

DNA ɗin mutum na da haruffa kusan biliyan 3, kimanin MB 750 ke nan. Ba daga wuri ɗaya ake fara kwafin ba, daga dubban wurare ne. A 1992 Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano ORC, gungun furotin da ke sa wa wuraren alama. Izini ɗaya kowane wuri ke samu. Da kwafi ya kankama, furotin geminin sai ya hana a sake bayarwa.

A jikin baligi aikin kan ci awa 8. Amma ƙwan kwaɗon da masana ke nazari, dangin masu kuka a Horo Birni da damina, yana rabuwa duk minti 30, domin wuraren farawarsa kusa-kusa suke.

Kuskure a nan yana da tsada. Binciken Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2022 ya nuna tangarɗar kwafi a rabuwar farko na iya lalata kuromosom na tayin mutum. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga matsalar kuromosom yake. A tuna da wannan kafin a ɗora wa mace laifi.