Shamuwa da Iskar da ke Ɗaukar Ta

Shamuwa ita ce mafi ƙanƙanta a dangin tsuntsayenta, domin nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai kaɗan ba, amma duk da haka ta yi nauyin da kaɗa fiffike ba tsayawa daga ƙasar Hausa zuwa Zambiya ko Zimbabuwe zai ƙarar mata da ƙarfi tun tafiya ba ta yi nisa ba. Saboda haka take jiran hantsi ya dubi ludayi, lokacin da rana ta gasa ƙasa har iska mai zafi ta fara tashi sama, sai ta shimfiɗa fikafikanta tana kewaye cikin wannan iska har ta yi tozo, sannan ta gangara a hankali zuwa wani wurin da iskar ke tashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan teku, shi ya sa 'yar'uwarta farar shamuwar Turai, wadda ta ninka ta nauyi, take kauce wa faɗin Bahar Rum ta ratsa ta mashigin Jibralta, inda ruwan bai fi kilomita 14 ba. Ƙananan tsuntsaye masu nauyin giram 10 kuwa kitse suke tarawa, su ƙetare Sahara da ƙarfin fiffike, galibi da dare.

Abin da ya fi jawo gardama shi ne cewar da ake yi wai shamuwa ce ke kawo ruwa, har manomi kan fara gyaran gona da ya ga ta sauka kan tsamiya ko kuka a wajen watan Afrilu ko Mayu, kuma ba a yarda yaro ya jefi sheƙarta ba. Ganin manomin daidai ne, fassarar ce ke da gyara. Iskar bazara mai laima da ke busowa daga kudu maso yamma ita ce ke turo hadari arewa, bayan ruwan fari kuma fara da tsutsa su ɓarke, shamuwa ta biyo abincinta. Da ita ce mai jan ruwa, ai da ita zai fara duka, kamar yadda aka ce da tsuntsun da ya ja shi. Duk da haka hanin taɓa sheƙarta ya yi amfani, domin farar da take cinyewa ta gonar manomin ce.