Suma a fim daban, suma a gida daban

Masu bin Daɗin Kowa a Arewa24 ko Labarina, kun san yadda ake yi: mummunan labari ya iso, uwa ta zube, a ruga ɗebo ruwa. Ni ma ina kallo, har tuwo ya taɓa ƙone mini. Amma makon jiya wata uwa a Uke ta zo kemis, ta ce ta ɗura wa 'yarta ruwa da ta sume. Don Allah kada ku yi haka. Wanda ya sume ba ya iya haɗiya, ruwan kan wuce huhu ya shaƙe shi. Ku kwantar da shi ta gefe, ku sassauta masa tufafi. In minti ɗaya ya wuce bai farfaɗo ba, sai asibiti.