Fitsarin jini a ƙasar Dakoro: amfanin wankin mafitsara

A ƙasar Dakoro, inda yara ke wanka a tabkunan damina, jama'a da dama sun saba da fitsarin jini har ba ya tayar masu da hankali. Tsargiya ce, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a birnin Alƙahira a 1851. Tun 2004 Nijar ta soma raba maganinta, wato firazikantel, a makarantu. Amma idan dattijo ne ke fitsarin jini, lamarin ya wuce wasa: yana iya zama kumburin furostat ko sankarar mafitsara, wadda daɗaɗɗiyar tsargiya kan share wa hanya.

Haɗarin gaggawa shi ne jinin ya daskare ya toshe hanya. Mara ta kumbura, fitsari ya ƙi fita, in an yi jinkiri ƙoda ta taɓu. A nan ne likita ke wanke mafitsara. Yakan zura robar fitsari mai baki uku: ɗaya na hura ƴar balan-balan da ke riƙe robar, ɗaya na shigar da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, na uku na fitar da shi tare da gudajin jini. Ana ci gaba har ruwan ya fito garau. Haka kuma ake yi bayan aikin furostat.

Ta wannan hanya ake ɗura magani ma. A 1976, likita Alvaro Morales na Kanada ya nuna cewa BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, yana hana sankarar mafitsara dawowa bayan an kankare ta. Ana ɗura shi sau ɗaya a mako har mako 6, maras lafiya ya riƙe shi kamar awa 2. Sai dai yana amfani ne ga wadda ba ta ci naman mafitsara ba.

Ke nan magana ta koma kan lokaci. Ɗan kasuwa da ke jiran kasuwa ta tashi, da ma'aikacin da kunya ta hana shi magana, su tuna tsakanin Dakoro da Maradi tafiya ce ta fiye da kilomita 100, mai wuya ga wanda fitsari ya tsaya masa. Ranar da aka ga jini, ranar ya kamata a nufi asibiti.