Labarin Takarda Mai Wata Uku

Duk wanda ya gaji tsohon kundi a gidansu, ina roƙonsa ya kwance gafaka, ya zaro warƙa guda, ya ɗaga ta wajen hasken rana. Ni na yi haka a nan Sukuntuni da Ishiriniyar da kakana ya rubuta da hannunsa, sai ga jinjirin wata uku jere cikin jikin takardar, wani na bin wani. A wata warƙar kuwa na ga rubutun boko, aka karanta mini: Andrea Galvani Pordenone.

To, wannan Galvani sunan wata zuriya ce ta mutanen Italiya, masu masana'antar takarda a Cordenons, kusa da garin Pordenone, arewa maso gabas da Banis. Shi Andrea an haife shi a 1797, ya rasu a 1855, amma magadansa ba su fasa sa sunansa cikin takarda ba, domin sunan ya riga ya zama jari. Alamar wata kuwa dabarar ciniki ce. Sun lura kasuwarsu tana ƙasashen Musulmi, Istambul da Masar da Turabulus, saboda haka suka zaɓi hilali, wanda mai saye ba zai ƙyamata ba. Ba da tawada ake yin ta ba. Siririyar waya ake lanƙwasawa a ɗinke bisa rariyar da ake tsamo ɓargon takarda da ita, sai gurbin ya fi sauran jiki shara-shara, haske ya riƙa ratsawa.

Daga Turabulus raƙuma ke ɗauka. Ayarin Larabawan Gadamas ya biyo ta Gat da Azbin da Damagaram, wata da watanni bisa hanya, kana ya sauke a Kano, daga kasuwar Kurmi kuma ta watsu har ƙauyuka irin namu. Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya tarar da ita a Kano a 1851, har ya rubuta cewa da yawanta wajen naɗe baƙin tufafi take tafiya. Watau marina da masu turkuɗi sun fi malamai cin takarda! Wannan bai ba ni mamaki ba, gama almajiri allo ne abokinsa, sai wanda ya ƙware ake sakar wa takarda, don tsadarta.

Abin da ya sa ta jure shekaru, daga tsumma aka fara yin ta, na lilin da makamantansa, a jiƙa, a daka, a tace, a shafe da danƙo don kada tawada ta nashe. Wajen 1844 wani Bajamushe mai suna Keller ya gano hanyar niƙa itace ya zama takarda. Daga nan sana'ar ta koma ta masu daji, kamfanoni suka shiga sare itatuwa suna dasa wasu, takarda ta yi araha. Sai dai akwai wani sinadari cikin itace mai sa ta ja, ta yi ƙarmas-ƙarmas. Shi ya sa jaridar bara ta fi kundin kaka tsufa.

A 1911 abu biyu suka haɗu: Italiya ta faɗa wa Turabulus da yaƙi, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano. Ayarin Sahara ya mutu, takarda ta riƙa zuwa ta Ikko.

Bayan mulkin kai mu ma mun gwada. An buɗe masana'antar takarda a Jebba, bakin Kwara, a 1969, aka kuma dasa gandayen malaina domin sana'ar. Amma injunan suka tsaya cikin shekarun 1990, a 2006 gwamnati ta sayar da ita ga 'yan kasuwa, suka koma sarrafa tsofaffin takardu da kwalaye. Ita kuwa ta Cordenons ta daɗe da fita hannun zuriyar Galvani, a 2018 kamfanin Fedrigoni na garin Verona ya saye ta.