Harshe Ya Ɗaure, Hannu Ya Buɗe

A shekarar 1986 ɗan Anne Adams ya yi mummunan haɗarin mota. Uwar, masaniyar ƙwayoyin halitta a Jami'ar British Columbia da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ta ajiye aiki don ta yi jinyarsa. Yaron ya warke cikin 'yan makonni, amma ita ba ta koma ɗakin bincike ba. Sai ta kama zane-zane, gidaje da 'ya'yan itatuwa, irin na mai neman abin rage lokaci.

A 1994, tana da shekara 53, wani kiɗa ya shiga ranta ya ƙi fita: Bolero, wanda Bafaranshe Maurice Ravel ya tsara a 1928. Kiɗan maimaici ne zalla. Ƙaramar ganga tana buga abu guda tun daga farko har ƙarshe, kusan minti 15, sauti yana ta hawa. Anne ta bi gaɓoɓinsa 340 ɗaya bayan ɗaya, ta ba kowace gaɓa siffarta, tsayin siffa gwargwadon ƙarfin sauti, launi kuma gwargwadon amo. Zanen ya fito jere-jere kamar saƙar tabarma, sai can kusa da ƙarshe, inda kiɗan ya sauya murya, launin lemo da ruwan hoda suka ɓarke.

Ravel ma shekararsa 53 lokacin da ya tsara kiɗan, kuma abin da ba ta sani ba shi ne bayan 'yan shekaru magana da rubutu suka gagare shi har ya rasu a 1937. Ita ma wajen shekarar 2000 kalmomi suka fara suɓuce mata. Zuwa 2004, da aka kai ta wurin Dakta Bruce Miller a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, da ƙyar take haɗa jimla, alhali tana gane mutane tana kuma fahimtar abin da ake faɗa mata.

Wani ikon Allah, tun 1997 ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta saboda wani ƙari da ke jijiyar kunnenta, don haka likitoci suka samu hotunan da aka ɗauka tun kafin ciwon ya bayyana. Ɓangaren gaba na hagu, inda ake sarrafa magana, yana ta motsewa. Amma can baya ta dama, inda ake haɗa gani da ji da siffa, naman ƙwaƙwalwar ya fi na tsararrakinta kauri. Masu binciken suna ganin da gaban ya raunana, sai bayan ya samu sakewa. Hasashe ne, kuma mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma hotunan suna nan.

Mu a nan gigin tsufa muka sani, shi ma mantuwa muke jira mu gani. To, irin na Anne, wanda ke kama mutum kafin shekara 65, ba fuska ɗaya gare shi ba. Inda ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, nan alama take fitowa. Idan ma'ajiyar tunani ce da ke ciki daura da kunne, mantuwa ce kan gaba, kamar Auguste Deter, mai shekara 51, wadda Alois Alzheimer ya duba a Frankfurt a 1901. Idan ta ƙeya ce, ido lafiya lau amma karatu da gane abu su gagara, abin da ya samu marubucin Ingila Terry Pratchett ke nan a 2007, yana da shekara 59. Idan kuwa ta goshi ce, hali ne ke sauyawa: kunya ta tafi, tausayi ya tafi.

Wannan na ƙarshen ne nake ji wa tsoro a gari irin Abuja. Darakta mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda aka sani da kamun kai, ya fara ashar a taro ko watsa kuɗi ba lissafi, wa zai kawo ciwo a ransa? Ofis za a ce giyar mulki ce, gida a ce jifa aka yi masa saboda kujera. A yi ruƙiyya, a yi hayaƙi, a zargi kishiya, kafin wani ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa da hoton MRI, ga shi kuwa akwai su a garin. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Anne ta ci gaba da zane bayan bakinta ya rufe, har hannun ma ya daina yi mata biyayya. Ta rasu a 2007. Da aka bincika ƙwaƙwalwarta an tarar da wani sinadari mai suna tau ya taru ya kashe ƙwayoyin gaban, kuma a 2008 Dakta William Seeley da abokan aikinsa suka buga labarinta a mujallar Brain, tare da hotunan ƙwaƙwalwar da na zanen.