Daga Littafi Zuwa Majigi: Gardamar Masu Kallo a Ƙasar Masar

Duk wanda aka ambata masa sunan Giza, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne dalar nan uku na Fir'aunoni waɗanda ke tsaye a bakin hamada, yamma da birnin Alƙahira. Amma kuwa akwai wani abu dabam da garin ya yi suna da shi a ƙasashen Larabawa, watau sana'ar shirya fim. A kan hanyar zuwa dalar ne shahararren ɗan kasuwan nan Tal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Masar, ya buɗe gidan shirya fim mai suna Studio Misr a cikin 1935. Fim na farko da ya fito daga gidan shi ne Widad, a 1936, kuma mashahuriyar mawaƙiya Ummu Kulsum ce ta fito a ciki. Daga baya aka gina waɗansu gidajen a kusa, kamar Studio al-Ahram na 1944, wanda gobara ta cinye a watan Maris na 2024. Har ila yau a Giza aka buɗe babbar makarantar koyon aikin silima a 1959.

Tun daga wancan zamani Misirawa suke tafka gardama iri biyu a gidajen shayi da shafuffukan jaridu. Ta farko ita ce: idan aka mai da littafi fim, wanne ya fi, littafin ko fim ɗin? Ta biyu kuwa ita ce: shin wasan ban dariya aikin fasaha ne da ya cancanci girmamawa, ko kuwa shiririta ce kawai ta kashe lokaci? Kowa da gwaninsa, kowa kuma da abin da ya ƙi jini. To, bari mu duba mu ga daga ina wannan bambancin ra'ayi yake tasowa.

Ɗaukar littafi a mai da shi fim tsohuwar al'ada ce a Masar. Tun a 1930 Muhammad Karim ya shirya Zainab, daga littafin Muhammad Husain Haikal, a lokacin da hotunan majigi na Masar ba su fara magana ba tukuna. Dalilin haka a fili yake. A tsakiyar ƙarni na 20 yawancin mutanen Masar ba su iya karatu ba, ga shi kuma ana rubuta littattafai da Larabcin malamai, wanda ya sha bamban da Larabcin da ake yi a kasuwa. Fim kuwa da harshen titi yake magana. Saboda haka manomi ko ɗan dako wanda ba zai taɓa buɗe littafi ba, sai ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya shiga gidan silima, ya ga labarin da idonsa, ya ji shi da harshen da uwarsa ta koya masa.

A cikin marubutan Masar, da wuya a sami wanda aka fi tattauna finafinan littattafansa kamar Najib Mahfuz, wanda aka haifa a 1911, ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1988, ya rasu a 2006. Ya daɗe yana zaune a unguwar Aguza, a gaɓar Kogin Nilu ta ɓangaren Giza. Babban aikinsa shi ne littattafan nan uku masu bin juna, Bainal Ƙasraini da Ƙasrush Shauƙi da As-Sukkariyya, waɗanda aka buga a 1956 da 1957. Labarin wani gida ne na Alƙahira tun daga 1917 har zuwa 1944, mai gidan kuwa wani ɗan kasuwa ne, Sayyid Ahmad Abdul Jawad, wanda yake tsare gida a gaban iyalinsa kamar zaki, amma da dare ya yi sai ya tafi wajen sharholiya da abokansa. Hasan al-Imam ne ya mai da littattafan ukun fim, ya fara a shekarun 1960, ya kammala da na uku a 1973. Yahaya Shahin ne ya fito a matsayin mai gidan.

A nan fa aka rabu gida biyu. Jama'a sun yi tururuwa zuwa kallo, har sunan Si Sayyid ya zama karin magana a Masar, ana kiran duk mijin da ya cika mulkin mallaka a gidansa da shi. Amma masana adabi da yawa ba su ji daɗi ba. Ƙorafinsu shi ne mai shirya fim ɗin ya ba da ƙarfi ga zabiyoyi da 'yan rawa da daren shagali, ya rage abin da ya fi nauyi a littafin, watau wasiwasin Kamal, ƙaramin ɗan gidan, wanda ilmin zamani ya jefa shi cikin kokanto game da abin da ya gada. Masu kare fim ɗin kuma suka ce ai littattafan sun haura shafi dubu ɗaya, kuma tunanin da ke cikin zuciyar mutum ba ya ɗaukuwa a hoto. Littafi yana iya tsayawa shafi goma yana bayyana abin da mutum yake saƙawa a ransa, alhali na'urar ɗaukar hoto fuska kawai take gani da motsi. Dole ne a zaɓi abin da ido zai iya kamawa.

Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne canza ƙarshen labari. A littafin Mahfuz mai suna Zuƙaƙul Midaƙƙ, na 1947, wata yarinya ce Hamida, kwaɗayin duniya ya fitar da ita daga lungunsu ta faɗa hannun miyagu. A littafin, saurayinta Abbas wanzami shi ne ya mutu a hannun sojojin Ingila, ita kuwa ta ci gaba da rayuwa. Amma a fim ɗin 1963, inda Shadiya ta fito a matsayinta, Hamida ce ta mutu. Masu son fim ɗin sun ga daidai ne, domin wanda ya shuka ƙaya bai kamata ya girbi dawa ba. Masu son littafin kuwa sun ce an ɓata saƙon marubucin, wanda yake nuna cewa a duniyar nan sau da yawa marar laifi ne yake biyan bashin mai laifi.

Haka kuma aka yi da littafin Taha Husain mai suna Du'a'ul Karawan, na 1934. Shi ma Taha Husain a Giza ya ƙare rayuwarsa, a gidansa da ke kusa da hanyar dala, wanda aka mayar gidan tarihi bayan rasuwarsa a 1973. Labarin wata yarinyar ƙauye ce, Amina, wadda ta shiga aikatau a gidan injiniyan da ya lalata 'yar'uwarta, da niyyar ɗaukar fansa, sai kuma so ya shiga tsakaninsu. A littafin an ƙare da maganar aure. A fim ɗin da Henry Barakat ya shirya a 1959, tare da Fatin Hamama da Ahmad Mazhar, harsashin kawun yarinyar ne ya kashe injiniyan. A wannan karon masu kallo da masana da yawa sun yarda da canjin, har ana lissafa fim ɗin cikin mafiya kyau da Masar ta taɓa yi. Ashe ke nan canji shi kaɗai ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko ya fito daga cikin halayen mutanen labarin, ko kuwa an liƙa shi ne don a faranta wa masu sayen tikiti.

Shi kansa Mahfuz ya san sana'ar ciki da waje. Ya rubuta tsarin finafinai da dama, musamman tare da Salah Abu Saif, amma bai yarda ya tsara littattafansa da hannunsa ba. Ra'ayinsa, wanda ya sha maimaitawa, shi ne alhakin littafi yana wuyansa, alhakin fim kuwa yana wuyan wanda ya shirya shi. Wani abin sha'awa kuma, labaransa sun ƙetare teku. A ƙasar Meziko an mai da littafinsa Bidaya wa Nihaya fim a 1993, aka kuma yi na Zuƙaƙul Midaƙƙ a 1995, inda Salma Hayek ta fito. An ɗauke lungun Alƙahira an dasa shi a birnin Meziko, an canza sunaye da addini da sutura, amma talauci da buri da ƙauna suka zauna yadda suke.

Sai kuma gardama ta biyu, ta wasan ban dariya. Misirawa sun yi suna wajen barkwanci a duk ƙasashen Larabawa, amma ba dariya iri ɗaya suke so ba. Akwai masu ƙaunar Najib ar-Rihani, wanda ya rasu a 1949. Shi dariyarsa tana tafe da tausayi. Yakan fito a matsayin ƙaramin ma'aikaci mai gaskiya wanda duniya ta juya wa baya. A fim ɗin Salama fi Khair, da aka shirya a Studio Misr a 1937, masinjan kanti ne aka aika ya kai kuɗi banki, ya tarar an rufe, ya shiga wani babban otal don ya tsare amanar, sai aka ɗauke shi a matsayin wani yarima baƙo. Mai kallo yana dariya, amma yana ganin yadda mutane ke rusuna wa riga, ba wanda ke cikinta ba.

Akwai kuma masu ƙaunar Isma'il Yasin, wanda ya rayu daga 1912 zuwa 1972. Shi da fuska da baki da tuntuɓe yake ba da dariya. Ya yi farin jini har aka riƙa sa sunansa a sunan fim, kamar wanda ya shiga soja a cikinsa a 1955. Masu sukarsa sun ce wasa ɗaya yake ta maimaitawa, riga kawai yake canzawa. Masoyansa kuwa sun ce wanda ya wuni yana fama da neman abinci ba wa'azi ya zo saye ba. Wani misali zai nuna yadda abu ɗaya yake iya zama abin tsoro ko abin dariya. Rayya da Sakina wasu mata ne 'yan'uwan juna da aka rataye a Iskandariyya a 1921 saboda kashe mata da sace musu zinariya. A 1953 Salah Abu Saif ya yi fim mai tayar da hankali a kansu, kuma Mahfuz yana cikin waɗanda suka tsara shi. Bayan shekara biyu sai ga Isma'il Yasin ya yi nasa na barkwanci a kan matan nan dai. Waɗansu suka ga rashin ta ido ne a yi wasa da jinin bayin Allah, waɗansu kuma suka ce da dariya ake kashe tsoro.

Daga shekarun 1970 Adil Imam, wanda aka haifa a 1940, ya karɓi tutar. Wasan dandamali na Madrasatul Mushagibin, na 1973, wanda ya nuna ɗalibai masu taurin kai suna wahalar da malamansu, ya sa ƙasa ta yi ta dariya, amma har yau akwai malamai da iyaye da ke zarginsa da zubar da mutuncin malami a idon yara. A 1992 kuma ya fito a Al-Irhab wal Kabab, watau Ta'addanci da Tsire. Wani magidanci ne ya yi ta zarya a babban ginin ofisoshin gwamnati da ke Dandalin Tahrir don a mayar da 'ya'yansa makaranta kusa da gida. Da abin ya ishe shi aka yi kokawa, bindiga ta faɗo hannunsa, aka ɗauka ɗan ta'adda ne ya yi garkuwa da mutane. Da hukuma ta tambayi buƙatarsu, sai shi da waɗanda ke tare da shi suka rasa abin da za su nema in ban da gasasshen nama. A nan barkwanci ya faɗi abin da da wuya a faɗa kai tsaye game da wahalar talaka a hannun ma'aikatan ofis.

Duk da haka, idan masana suka zauna yin hukunci, wasan ban dariya ba shi ne kan gaba ba. A 1996, lokacin bikin finafinai na Alƙahira, an zaɓi finafinan Masar 100 mafiya kyau. Al-Azima na 1939 ne ya zo na ɗaya, sai Al-Ard na Yusuf Shahin, wanda aka ɗauko daga littafin Abdurrahman ash-Sharƙawi kan gwagwarmayar manoma. Dukansu biyu labaran wahalar rayuwa ne. Amma a gidajen jama'a, tsofaffin wasannin barkwanci ne ake ta maimaitawa a talabijin ranar salla, yara da jikoki suna haddace maganganun da ke ciki. Zaɓin masana daban, zaɓin iyali daban, kuma kowanne yana da hujjarsa, domin masani yana auna gwanintar aiki ne, iyali kuwa suna neman abin da zai tara su wuri ɗaya.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ya koma fim a shekarun 1990, lokacin da sana'ar bidiyo take tasowa a Kano. A fagen ban dariya kuwa, akwai waɗanda har gobe ba su da kamar Samanja da Ƙasimu Yero na zamanin rediyo da talabijin, akwai kuma waɗanda suka fi son marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Abin da aka faɗa a kan Rihani da Isma'il Yasin kusan shi ake faɗa a kan waɗannan.

Abin da za mu iya koya daga Masar shi ne littafi da fim ba kishiyoyi ba ne. Finafinan Hasan al-Imam, duk da sukar da suka sha, su ne suka kai sunan Si Sayyid da Amina matarsa ƙauyukan da littafin bai taɓa shiga ba, kuma daga cikin masu kallon akwai waɗanda suka je suka nemi littafin. Haɗarin da ke akwai shi ne mutum ya kalli fim na awa biyu ya ɗauka ya san abin da marubuci ya shekara yana rubutawa. Wanda ya karanta Zuƙaƙul Midaƙƙ kuma ya kalli fim ɗinsa, shi ne zai iya cewa wane ƙarshe ya fi kama da gaskiya, kuma ko da ya saɓa wa maƙwabcinsa, ya san abin da suke gardama a kai.