Shin Ko Kun San? Ƙaro Da Leda Dangin Juna Ne

Shin ko kun san ƙaron da ake tsinkowa a jikin dakwara a dazukan Gure, da baƙar ledar da iska ke maƙalawa a ƙayarta, gida ɗaya suka fito a wajen masana sinadarai? Dukansu polima ne, wato ƙananan ƙwayoyi da suka kama juna suka zama sarƙa, tamkar 'ya'yan carbi a zare. Sai dai a nan babu ƙidaya tsayayya, kowace sarƙa da nata tsawon.

Bajamushe Hermann Staudinger ne ya kafe a 1920 cewa akwai irin waɗannan dogayen sarƙoƙi. An daɗe ana musu da shi, sai a 1953 ya samu kyautar Nobel.

Shin ko kun san tsawon nasu sa'a ce, amma sa'ar da ke da lissafi? Paul Flory ya fitar da shi a 1936, yana aiki a kamfanin DuPont na Amurka, inda aka ƙirƙiro nailan. A irin haɗin nailan, in kashi 98 cikin 100 na mahaɗan sun ƙullu, matsakaicin tsawon sarƙa ƙwaya 50 ne. In ya kai 99, sai ya zama 100. Kashi ɗaya tak ya ninka tsawo! Abin mamaki kuma, ko a lokacin, in ƙirga su za a yi ɗaya bayan ɗaya, gajerun ne suka fi yawa. Sai an ɗora a sikeli ake ganin nauyin yana wajen matsakaita. Shi ya sa faɗin matsakaicin tsawo kaɗai, a ganina, rabin labari ne.

Ƙaro ma haka yake. Wajen kashi 10 cikin 100 nasa ne manyan sarƙoƙi masu haɗe da furotin, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin hana man ƙamshi rabuwa da ruwa a lemon kwalba. In kun ga E414 a jikin gwangwani, ƙaron da malam ke zubawa a tawada ne.

Lissafin nan na Flory har masu haɗa mai daga gawayin ƙasa, irin su Sasol na Afirka ta Kudu, ya ɗaure: a haɗi na farko, duk dabararsu, abin da ke fitowa daidai tsawon fetur ba ya kai rabi.

Jikin ɗan Adam kuwa ba ya wannan caca wajen furotin, domin da ma'auni yake ƙerawa. Insulin ƙwaya 51 ne cif, kowane lokaci.